Ruwan Kunne Ba Na Haƙori Ba Ne

Ciwon kunnen yara yana da wata irin yaudara da ba kowace cuta ke da ita ba. Da mura yakan fara. Bayan kwana biyu ko uku zazzaɓi ya hau, yaro ya ƙi mama, ya riƙa kai hannu kunne, ya hana gida barci. Sai wata safiya a wayi gari a ga ruwa mai kauri ya ɓata matashi ko zanen goyo, jiki ya yi sanyi, yaro ya samu barcin da ya daɗe bai yi ba. A gidaje da yawa na Gyaɗi-Gyaɗi, Darmanawa, Daurawa da Unguwa Uku a ƙaramar hukumar Tarauni ta Kano, hukuncin da ake yankewa a wannan safiyar ɗaya ne daga cikin biyu: ko a ce ciwon ya fashe, dattin ya fito, an gode Allah, ko kakar yaro ta ce na haƙori ne, da sun gama fitowa zai daina. Abin da ya faru a zahiri kuwa shi ne mugunya ta taru a bayan dodon kunne, ta matsa shi har ta huda shi. Sauƙin da aka gani na gaskiya ne, domin matsin da ke jawo azabar ya tafi, sai dai an saye shi da huda a gaɓar da yaron ke ji da ita. Ra'ayina shi ne mun ɗauki ma'aunin da ba daidai ba. Muna auna warkewa da tsayawar kuka, alhali yawancin jin da yaranmu ke rasawa ta hanyar ciwon kunne yana tafiya ne a makonni da watannin da babu kuka, lokacin da kowa ya daina duba kunnen.

Sai an san yadda wurin yake kafin a gane dalili. Ramin kunnen da muke gani daga waje yana ƙarewa ne a wata 'yar siririyar fata, dodon kunne, wadda take aiki kamar fatar kalangu: sauti ya daka ta, ta yi rawa. A bayanta akwai ɗan ƙaramin ɗaki mai iska da ƙananan ƙasusuwa uku, mafiya ƙanƙanta a jikin ɗan'adam, su ne ke miƙa rawar zuwa can ciki inda jijiyar ji take. Wannan ɗakin yana samun iskarsa ta wata 'yar hanya da ta taho daga bayan hanci. A jikin babba hanyar tana da tsawo kuma ta gangara ƙasa, saboda haka ruwa na saurin tsiyayewa daga kunne zuwa maƙogwaro. A jikin jariri gajera ce, kusan a kwance take, kuma tsokar da ke buɗe ta ba ta yi ƙarfi ba. Da mura ta kumbura bakinta sai ta toshe, iska ta ƙare a ɗakin, ruwa ya taru, ƙwayoyin cutar da ke zaune a bayan hanci su hau su yi gida. Wannan ne ya sa ciwon ya fi yawa tsakanin wata 6 da shekara 2, kuma yake raguwa da kansa idan yaro ya tasa, kai ya girma, hanyar ta gangara.

Ga kuma inda zargin haƙori ya samo asali. Haƙoran farko sukan fara fitowa wajen wata 6, su gama wajen shekara biyu da rabi zuwa uku. A daidai wannan tsakanin ne kariyar da jariri ya gado daga jinin uwarsa take ƙarewa, ya fara rarrafe yana kai komai baki, ya shiga hannun 'yan'uwansa masu majina. Kakanninmu sun ga abu biyu suna zuwa tare shekara da shekaru, kuma ba su yi kuskuren gani ba. Kuskuren yana wajen ɗora wa ɗaya laifin ɗaya. Haƙori ba ya huda dodon kunne. Wani bincike da aka yi a birnin Boston na Amurka, aka buga a 1989, ya bi yara tun daga haihuwa ya tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari sun yi ciwon kunne aƙalla sau ɗaya kafin su cika shekara 3. Sau ɗaya ko biyu, ke nan, ba abin tada hankali ba ne. Likitoci sukan fara kiransa mai yawan dawowa idan ya zo sau 3 a cikin wata 6, ko sau 4 a cikin shekara. Wannan lissafin kuwa uwa ce kaɗai za ta iya riƙe shi, domin yaron da aka kai kemis ɗin bakin layi a watan Janairu, aka kai asibitin unguwa a Maris, aka yi masa na gida a Mayu, babu wata takarda da ta haɗa tarihinsa wuri ɗaya.

Bayan zafin ya wuce, ji yana salwanta ta hanya biyu, kuma dukkansu shiru suke aiki. Ta farko ita ce idan dodon bai fashe ba, ƙwayoyin cutar sun mutu, amma ruwan ya tsaya a ɗakin yana yin kauri. Babu zazzaɓi, babu wari, babu abin da ke fitowa. Masu binciken Boston ɗin sun ga cewa wata ɗaya bayan ciwo, kimanin yara 4 cikin 10 suna da sauran ruwa a kunne, bayan wata uku kuma 1 cikin 10. Ana auna ƙarfin sauti da ma'aunin desibel: hirar yau da kullum wajen 60 ce, raɗa wajen 30. Ruwan nan yakan rage wa yaro kimanin 25 zuwa 30, wato maganar da aka yi masa da murya sosai ta iso masa kusa da raɗa. Hanya ta biyu ita ce ta hudar da ta ƙi rufewa. Yawancin huda kan toshe da kanta cikin 'yan makonni idan kunnen ya bushe. Idan kuwa ruwan wanka yana shiga, mura tana dawowa, ana ɗiga abubuwa, sai wasu ƙwayoyin cutar daban, masu taurin kai ga magani, su shigo daga waje. Kunne ya riƙa ruwa yana tsayawa, yana dawowa da wari, wata da watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar duk ruwan kunnen da ya kai kwana 14 a matsayin wanda ya zama na dindindin, mai bukatar wani irin magani na daban. A hankali mugunyar na iya cinye ƙananan ƙasusuwan nan, kuma idan sun lalace asarar jin na iya kaiwa desibel 50 ko 60.

Irin wannan yaron ba kurma ba ne, kuma nan ne matsalar take. Yana jin ƙarar adaidaita sahu, yana jin kiran salla, yana juyowa idan an daka masa tsawa, saboda haka iyaye sukan rantse cewa kunnensa ƙalau. Abin da ke kuɓuce masa shi ne gefen magana: ƙarshen kalma, ƙananan baƙaƙe marasa ƙarfi, maganar da aka yi daga bayansa ko daga ɗaya ɗakin. Jin nasa kuma hawa da sauka yake, wannan makon ya ji, mako mai zuwa mura ta dawo ya daina, shi ya sa ake cewa yana ji in ya ga dama, kunnen ƙashi ne da shi. A duba abin da ake nema daga yaron Kano ɗan shekara biyar. A gida Hausa yake koyo. Da yamma yana islamiyya ko makarantar allo, inda karatun gaba ɗaya ta kunne yake shiga, malam ya biya ya maimaita, kuma ana so ya raba baƙaƙen Larabci waɗanda bambancinsu siriri ne ko ga mai lafiyayyen kunne. Da safe yana makarantar boko inda Turanci ke jiransa, a aji mai cunkoso, tagogi a buɗe, wataƙila ga titi a kusa. Harshen da mutum ya iya, yakan cike giɓin abin da bai ji ba da zato. Harshen da yake koyo babu abin da zai cike da shi. Yaron da ke zaune a bayan aji da ruwa a kunnuwa biyu yana faɗuwa a harsuna biyu cikin uku, ana kuma kiransa daƙiƙi, wani lokaci har da bulala.

Mai ja da wannan magana yana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Zai ce dukanmu mun yi ciwon kunne muna yara, ga mu muna ji. Wanda ya yi karatu ma zai kawo wani sanannen bincike na birnin Pittsburgh a Amurka, wanda Jack Paradise ya jagoranta. An ɗauki yara masu ruwan da ya daɗe a bayan dodon kunne, aka sa wa wasu ɗan bututun tsiyaye ruwa da wuri, aka jinkirta wa wasu, aka bi su har suka kai shekara 9 zuwa 11, ba a ga bambanci ba a magana ko karatu. Wannan gaskiya ne, kuma darasinsa mai amfani ne ga iyayen da hankalinsu ya tashi: ruwan da ya tsaya bayan ciwo yakan tafi da kansa, shi ya sa likitoci ke jiran wata 3 kafin su yi maganar tiyata. Amma a lura da su waye yaran. Lafiyayyu ne ta kowane ɓangare, ana leƙa kunnensu a kai a kai tun suna jarirai, ana ba su magani duk lokacin da ciwo ya tashi, kuma ba masu hudajjen dodon da ke mugunya ba ne. Binciken ya nuna cewa jira a ƙarƙashin idon likita ba ya cutarwa. Bai ce komai ba game da jiran da babu mai dubawa, wanda shi ne irin namu. Batun cewa mu ma mun yi mun warke kuwa, waɗanda suka warke ne ke faɗarsa. Duk wanda ya san dattijo ko matar aure da ke juyo da kunne ɗaya idan ana magana, ko mai yawo da auduga a kunne tun yana saurayi, ya san sauran labarin.

Alƙaluman duniya sun goyi bayan haka. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2004 kan kunne mai mugunya ya ƙiyasta masu fama da shi tsakanin miliyan 65 da miliyan 330, kashi 60 cikin ɗari nasu da raunin ji mai yawa, kuma mutum 28,000 ke mutuwa a shekara saboda abin da yake jawowa. Rahoton ya sa Najeriya a rukunin ƙasashen da cutar ke da yawa, kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari. Idan aka ɗauki wannan ma'auni, ajin da ke da yara ɗari ba zai rasa biyu zuwa huɗu ba. A 2021 hukumar ta fitar da rahotonta na farko kan ji a duniya, wanda ya ce yara miliyan 34 ke da raunin jin da ke bukatar taimako, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na raunin jin yara ana iya hana shi. Abin lura shi ne inda cutar kunne mai mugunya ta fi kamari. Daga cikin wuraren akwai 'yan asalin Ostireliya, a ƙasa mai arziki da asibitoci, amma a gidaje masu cunkoso da ƙarancin ruwa. Zaman gida ke haifar da ita fiye da jinsi ko yanayin ƙasa. Kano ta san sanƙarau, musamman annobar 1996 da ta kashe dubbai ta bar wasu yaran kurame rana ɗaya, kuma mutane na jin tsoronsa yadda ya kamata. Ruwan kunne ba ya zuwa da irin wannan tashin hankali, shi ya sa yake shafar yara da yawa ba tare da an ƙirga su ba.

Abubuwan da ke ciyar da shi a unguwanninmu sanannu ne. Gidan haya mai ɗaki ɗaya inda yara biyar ke kwana, murar ɗaya ta zama ta kowa. Hayaƙin itace da gawayi, wanda goyon da ke bayan uwa yake shaƙa tun daga hura wuta har sauke tukunya, da hayaƙin maganin sauro na kunnawa a rufaffen ɗaki, da na janareto, da taba. Ƙurar hunturu daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da majina ba ta barin hancin yara. Akwai kuma ɗura, inda ake kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci a zuba koko. Wannan bayan haɗarin shaƙewa yana iya tura abinci zuwa bakin 'yar hanyar nan ta bayan hanci, haka ma ba jariri bulumboti yana kwance. Nonon uwa zalla na wata 6 yana rage ciwon kunne, wannan an tabbatar, amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Najeriya ke samun haka. Sai rigakafi. Allurar da ke kare yara daga ƙwayar cutar sanyin haƙarƙari, wadda ita ce kan gaba wajen haddasa ciwon kunne mai tsanani, ta shiga jadawalin Najeriya a ƙarshen 2014. Ba zan zuzuta ta ba: ragin da take yi wa yawan ciwon kunne kaɗan ne, domin ƙwayoyin cutar iri-iri ne. Amma tana rage masu muni, ita kuma allurar ƙyanda tana toshe wata tsohuwar ƙofa, domin ƙyanda na daga cikin cututtukan da ke barin yaro da kunne mai ruwa. Ɓarkewar mashaƙo a 2023, wadda Kano ce ta fi ɗanɗana kuɗarta, ta tona yawan yaran da ba a kammala wa rigakafi ba a cikin birnin nan.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake zubawa a kunnen bayan ya fara ruwa. Man ja, man gyaɗa mai ɗumi, ruwan albasa, ruwan ganye, nonon uwa, turare, garin kafso da aka fasa, sannan a bi da gashin kaza ko tsinken ashana a sosa. A kunnen da dodonsa ke nan lafiya, yawancin waɗannan a bakin ƙofa suke tsayawa, ciwon ya warke don kansa, a ba abin da aka ɗiga yabo. Daga nan ne shaidar mun gwada ya yi ta fito. A kunnen da ya huje kuwa ƙofa a buɗe take, duk abin da aka ɗiga ya wuce kai tsaye zuwa ɗakin ƙasusuwan nan da dattinsa. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe da sanin cewa kunne mai ruwa na ɗaya daga hanyoyin da cutar tsinkau-tsinkau ke shiga jikin yaron da ba a yi wa rigakafi ba. Kemis ma ba lallai ya fi ba. Wasu magungunan ɗigawa da ake sayarwa a kan kanta suna ɗauke da jentamisin ko niyomisin, waɗanda idan suka daɗe suna ratsawa ta huda za su iya taɓa can cikin kunne, inda abin da ya mutu ba ya dawowa. Allurar jentamisin da ake dankara wa yara ba tare da lissafin nauyi ba ita ma haka. Mai kemis ba ya leƙa dodon kunne, ba shi da abin leƙawa, saboda haka ba shi da hanyar sanin kunnen da zai ɗauki wane magani. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wani zai ce to ai Turawa ma yanzu sun daina ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta a kan kowane ciwon kunne, me ya sa za a tsorata mutane su yi ta kwasar yara zuwa asibiti? Gaskiya ne ƙasar Holan ta daɗe da tsarin ba da maganin zafi a jira kwana biyu ko uku, kuma bincike ya nuna yara da yawa zafin na lafawa cikin kwana ɗaya ko da babu komai sai farasitamol. Ni ma ina ganin shan antibayotik barkatai, rabin kwalba yau, ragowar bayan wata biyu, yana cikin abin da ke sa ciwon ƙin jin magani. Sai dai binciken da ya goyi bayan jira shi ne kuma ya ware waɗanda maganin ya fi amfana: ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 2 da ciwon ya kama kunnuwa biyu, da duk yaron da kunnensa ya fara ruwa, ga jarirai 'yan ƙasa da wata 6 da ba a jira da su. Tsarin kula da cututtukan yara na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ake koyar da ma'aikatan asibitocin unguwa a Najeriya, ya ce a ba da amoksisilin na kwana 5 ga sabon ciwo, a dawo da yaro a sake dubawa. Dawowar ita ce ake yarwa. Ba ƙarin magani nake nema wa yaranmu ba, yawancinsu ma sun sha fiye da ƙima. Abin da suka rasa shi ne wanda zai leƙa kunnen kafin magani da bayansa.

Maganin kunnen da ya daɗe yana ruwa ba mai tsada ba ne, haƙuri yake ci. Ana naɗe tsaftataccen ƙyalle mai tsotse ruwa ko takardar goge hannu mai ƙarfi, a yi shi kamar lagwani, a sa a bakin ramin ya tsotse mugunya, a canza har ya fito a bushe, sau uku a rana, ba tare da tsinke ko sanda ba. Bayan nan ne ake ɗiga maganin da likita ya rubuta, galibi na dangin siprofuloksasin, yaro na kwance a gefe, a ɗan danna tsokar gaban kunne don ya shiga, har kwana 14. Maganin da aka ɗiga a kan mugunya a kanta yake tsayawa, kuma an gano cewa na ɗigawa ya fi na sha aiki a irin wannan kunnen. Wajen wanka a toshe da auduga da aka shafa wa man basilin a cire bayan an gama, kuma babu wankan kududdufi da damina. Akwai alamomin da ba a kwana da su: kumburi mai zafi a ƙashin bayan kunne har ya turo kunnen gaba, karkacewar baki ko idon da ya ƙi rufuwa, ciwon kai mai tsanani da amai, sanƙarewar wuya, jiri, ko farfaɗiya. Tsakanin ɗakin kunne da ƙwaƙwalwa ƙashi ne siriri, kuma ta nan ne mace-macen da aka ambata suke zuwa. Haka nan kunnen da ke wari sosai ya ƙi bushewa duk da magani yana bukatar ƙwararre, domin wani lokaci wata fata ce ke taruwa a ciki tana cin ƙashi, ita kuwa sai tiyata.

A nan ne Tarauni ta bambanta da ƙauye. Rahoton 2021 ya ce kashi 78 cikin ɗari na ƙasashe matalauta ba su da likitan kunne, hanci da maƙogwaro ko ɗaya ga mutum miliyan guda. Mutumin Gyaɗi-Gyaɗi kuwa da ƙafa zai iya zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, yake da sashen kunne, hanci da maƙogwaro, ake horar da likitocin da ke zuwa wasu jihohi. Ga Asibitin Murtala a cikin gari, ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna tun 1999. Nisa ba shi ne uzuri ba. Amma ba adalci ba ne a tsaya a nan a zargi iyaye, domin asibitin koyarwa ba a gina shi don kowane ciwon kunne ba. Yana karɓar marasa lafiya daga Kano, Jigawa, Katsina har da Nijar, akwai kuɗin kati, akwai layi, akwai yinin da mai sana'ar hannu zai rasa. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum fiye da 220,000, kuma ta ƙaru ƙwarai tun lokacin, ba za ta tura duk yaro mai jan kunne can ba. Giɓin yana tsakiya, tsakanin kemis da ƙwararre. 'Yar fitilar leƙa kunne abu ne da ke aiki da batir, kuɗinta bai kai na wayar hannu mai kyau ba, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da littafin horar da ma'aikatan matakin farko kan kunne da ji, wanda ta sabunta a 2023. Ma'aikaciyar asibitin unguwa da ta iya raba jan dodo da hudajje da mai ruwa a baya za ta gama da yawancin yaran a wurinta, ta tura kaɗan ɗin da suka cancanta zuwa Asibitin Malam da takarda a hannu. Wanda zai ce zazzaɓin cizon sauro da tamowa sun fi kashe yara, a fara da su, bai yi ƙarya ba, sai dai yaran ɗaya ne, layin da suke bi ɗaya ne, ma'aikaciyar ma ɗaya ce, kuma yaro mai tamowa shi ne wanda kunnensa ya fi ƙin bushewa. Leƙa kunne minti ɗaya ne a cikin ganawar da dama ana yin ta.

Gwajin ji kansa ba ya jiran yaro ya iya magana. Akwai na'urar da ke auna amsar kunnen jariri yana barci, da wadda ke nuna ko akwai ruwa a bayan dodo cikin 'yan daƙiƙoƙi. Farfesa Bolajoko Olusanya ta nuna a Legas, a binciken da aka buga a 2008, cewa ma'aikatan lafiya na unguwa za su iya gwada jin jarirai a ranar allurar rigakafin tarin fuka, wadda ke tara har waɗanda aka haifa a gida. Wannan tsari ya dace da Kano, inda haihuwar gida take da yawa. Kafin a kai can, iyaye suna da ma'auninsu: jariri ya razana da ƙara, wajen wata 6 ya juyo inda sauti ya fito, kafin wata 9 ya fara gwalantu, wajen shekara ya faɗi kalma, wajen shekara 2 ya haɗa biyu. Tafa hannu a gaban yaro ba gwaji ba ne, domin da ido zai amsa. A kira sunansa a hankali daga baya, a kowane gefe. Idan magana ta yi jinkiri a yaron da ya sha ciwon kunne, a auna jinsa kafin a ce gadon gidan ne ko a kira wanzami ya duba harshe da beli. Wanda kuma aka riga aka makara a kansa, akwai sauran abin yi. Dodon da ya huje ana ɗinke shi da tiyata idan kunnen ya bushe, akwai na'urar ƙara ji, kuma ga wanda jinsa ya tafi gaba ɗaya akwai makarantar Tudun Maliki da maganar hannu, wadda kuramen Kano suka daɗe suna da tasu. Mai raunin ji kaɗan kuwa, sau da yawa abin da ke canza masa makaranta shi ne uba ya je ya gaya wa malamin boko da na islamiyya wane kunne ne mai kyau, a dawo da shi layin gaba ta gefen da zai ji, malam ya fuskance shi idan yana biya karatu. Uwa kuma ta rubuta ranar kowane ciwo a bayan katin rigakafi, da ranar da ruwa ya fara da ranar da ya tsaya, ta kai yaron a leƙa kunnen wata uku bayan na ƙarshe ko da yana wasansa lafiya lau.